Kwalliyar da ba ta biya kuɗin sabulu ba

 Wannan makon layi ya zo kanmu. Mun daɗe muna jan ƙafa, domin labarin da ke hannunmu na kuskure ne, kuma mu muka tafka shi da hannunmu. Amma a taron ƙungiyarmu ta marubuta akwai wani dattijo da yakan ce mana, wanda ya yi tuntuɓe ya yi shiru ya bar wa na baya dutsen a hanya. Don haka ga shi nan, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Mu uku ne. Ɗaya ɗan Jega, ɗaya ɗan Aliero, ɗaya ɗan Maiyama. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal ta nufi Koko da Yawuri, ya san garuruwan nan a jere suke kamar 'ya'yan carbi: Aliero, Jega, Maiyama. Mun haɗu ne a Birnin Kebbi, a kwalejin Waziri Umaru, inda muka yi difloma a fannin kwamfuta. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya, da kwamfutar cinya guda ɗaya wadda batirinta ya mutu tun kafin ta zo hannunmu. Da muka gama, kowa ya koma gida yana jiran abin da Allah zai yi. Ɗayanmu ya kafa teburin POS, ɗaya yana tura wa mutane karatu da finafinai a memori, ɗaya yana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Da dare kuwa, in an kawo wuta ko an samu mai a janareta, sai mu haɗu a Jega, tunda ita ce tsakiya, mu duƙufa koyon haɗa manhajar waya.

Ga waɗanda ba su saba da harkar ba, bari mu ɗan yi bayani. Duk abin da ka gani a fuskar wayarka, wani ne ya zauna ya rubuta shi. Maɓallin da kake dannawa, akwatin da kake rubuta lamba a ciki, jerin sunayen da kake ja sama da ƙasa da yatsa, har ɗan da'irar nan mai juyawa in sabis ya yi nauyi, babu wanda ya faɗo daga sama. Mai rubuta manhaja ne yake cewa maɓallin nan ya zauna a nan, girmansa kaza, launinsa kaza, in an taɓa shi ya yi kaza. Mu da Flutter muka koya, wani kayan aiki ne na kamfanin Google da ya fito sosai a ƙarshen 2018, ana rubuta shi da harshen kwamfuta mai suna Dart. Daɗinsa shi ne da layi biyu ko uku za ka sa wa maɓalli inuwa, ka lanƙwasa gefensa, ka sa launinsa ya narke daga kore zuwa shuɗi, ka sa shafi ya shigo yana sulalewa kamar labulen gidan amarya. Wannan sauƙin ne ya rufe mana ido.

Kawun abokinmu na Aliero dillalin albasa ne. Wanda bai taɓa zuwa Aliero lokacin cirar albasa ba, ba zai gane ba. Tun daga bakin titi warin yake tarbarka. Buhuna jibge, 'yan dako suna kai da kawowa, manyan motoci suna lodi za su Legas, za su Anaca, za su Fatakwal. Bayan gari ga rudu a jere, inda ake adana albasar a jira ta yi kuɗi. Mutanen waje sun san garin da abu uku: albasa, ɗorin karaya, da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006. Amma abin da ke riƙe da kasuwar shi ne amana. Dillali yakan ba manomi kuɗin taki da na mai tun albasa tana ƙasa, in an cire a kawo masa, a sayar, a cire abin da aka ci, a ba manomi saura. Duk wannan lissafi a wani dogon littafi mai baƙin bango Kawu yake ajiye shi, wanda gumi da ƙura suka mayar da takardunsa ruwan ƙasa.

Tun ƙarshen 2022 muke lallaɓa shi ya bar mu mu mayar masa da littafin nan cikin waya. Sai ya yi dariya ya ce, "Injiniyoyi, ku bar ni da littafina." Sai ga canjin kuɗi. Kun tuna yadda aka sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, da yadda tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo a watannin Janairu da Fabrairun 2023. Kasuwa ta koma bashi da tiransifa. Wannan ya turo rabi, wancan ya ce alat bai shigo ba, wani ya biya ta hannun mai POS. Littafin Kawu ya cika da kibiyoyi da soke-soke har shi kansa ya daina gane kansa. Ranar nan ya kira ɗan 'yar uwarsa ya ce, "Ku zo da wanga abu naku mu gani."

Jama'a, mun yi kwalliya. In ka buɗe manhajar, sai wata albasa ta fito tana juyi, ɓawonta yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya har sunan manhajar ya bayyana. Daƙiƙa huɗu take ɗauka, kuma mako biyu muka kashe a kanta. Shafin farko mun yi masa wani zane mai da'ira kala-kala da ke nuna jimlar bashin kowane manomi. Akwatunan rubutu mun yi su kamar gilashin da ya yi raɓa, ana hango hoton gona dishi-dishi a bayansu. Rubutun kuwa siriri, launin toka mai haske a kan fari, domin haka muka ga ana yi a hotunan manhajojin Turai da muke kallo a intanet. Maɓallin ajiyewa ɗan ƙarami ne a kusurwar sama, da hoton wani faifai mai kusurwa huɗu. Mun ɗauki hoton fuskar manhajar mun saka a sitatus, abokai suna ta turo wuta da tafi. Wani ma ya ce mu shirya, Abuja za a kira mu.

A inuwar shagonmu, a wayar abokinmu mai POS wadda ita ce mafi ƙarfi a cikinmu, komai yana tafiya sumul. Ba mu taɓa gwada ta a wata waya ba. Ba mu taɓa fita da ita rana ba.

Muka sa wa Kawu a wata ƙaramar waya da ya saya wa yaron shagonsa, wani matashi mai natsuwa da ya yi sakandare, shi ne zai riƙa shigar da lissafi. Kawu ya juya wayar a hannu ya ce, "Wanga abu ba ya ƙarya?" Muka haɗa baki muka ce, "Kawu, kwamfuta ba ta ƙarya." Wannan jimla har yau in mun tuna ta sai mun ji kunya.

Akwai wani manomi daga wajen Maiyama, dattijo ne, abokin mahaifin abokinmu na can. Shekara ashirin da wani abu yana kawo wa Kawu albasa. A tsakiyar wahalar kuɗin nan ya zo yana neman na mai da na leburori, domin albasarsa tana buƙatar ban ruwa na ƙarshe, kuma leburori sun ce ba su san tiransifa ba. Kawu ya shiga ɗaki ya ƙirgo masa naira 120,000 tsaba, a lokacin da mutum kan kwana a layin banki don dubu biyar. Hannu da hannu, babu alat, babu takarda. Shaida ɗaya ce, yaron shago, wanda aka ce ya shigar a waya.

Aka cire albasa, aka sayar. A goman ƙarshe na azumi Malam ya zo a yi lissafi ya karɓi saura ya yi wa iyali kayan sallah. Yaro ya buɗe waya, albasa ta gama juyinta, da'ira ta fito. A gaban sunan Malam an rubuta 240,000.

Ba mu nan, amma an ba mu labari fiye da sau goma. Malam ya ce, "Alhaji, dubu ɗari da ishirin ka ba ni." Kawu ya ce shi ma abin da yake tunawa ke nan, amma a watannin nan ya ba mutane da yawa kuɗi, ƙila Malam ya dawo karo na biyu ya manta, ga shi waya ta rubuta. Malam ya ce shi bai tsufa har ya manta dubu ɗari da ishirin ba. Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce to in Malam bai karɓa ba, ai akwai wanda ya karɓa, ya kalli yaron shago. Yaro ya fashe da kuka, da azumi a bakinsa. Malam ya ce a kawo Alƙur'ani. Dattawan kasuwa suka hana, suka ce ba a kai nan ba. A ƙarshe aka cire 240,000 daga kuɗinsa, aka ce in gaskiya ta bayyana za a mayar masa. Ya karɓi saura bai ƙirga ba, ya hau babur ya tafi bai yi sallama ba. Yaron kuma aka ce ya zauna gida tukuna.

Daren nan bayan tarawihi muka haɗu a Jega. Muka buɗe rumbun bayanan da manhajar take aika lissafi, muka nemo sunan Malam. Ga layi biyu nan. 120,000, sannan 120,000. Rana ɗaya, awa ɗaya, minti ɗaya. Tsakaninsu daƙiƙa uku.

Babu wanda ya yi magana na wani lokaci. Duk mun gane abin da ya faru, domin mu muka rubuta shi. In an danna maɓallin ajiyewa, manhajar takan aika lissafin ta intanet ta jira amsa. A shagonmu amsar nan take take zuwa. A tsakiyar kasuwar Aliero, inda ɗaruruwan mutane suke kokawa da sabis ɗaya, takan ɗauki daƙiƙa biyar ko goma. A cikin wannan jira, maɓallinmu ba ya nuna komai. Ba ya canza launi, ba ya kulle kansa, yana nan a buɗe kamar ba a taɓa shi ba. Akwai wani ɗan rubutu da ke fitowa a ƙasa yana cewa ana aikawa, amma da launin tokar nan ne, kuma a ranar Fabrairu da tsakar rana ko mai idon shaho ba zai gan shi ba. Yaro ya danna, bai ga komai ba, ya yi abin da kowannenmu zai yi: ya sake dannawa. Manhaja ta aika sau biyu. Da a ce shafin farko jerin abubuwan da aka shigar yake nunawa, da ya ga layi biyu nan take ya gyara. Amma mun cire jerin mun sa da'ira mai kala, domin ta fi kyau a hoto.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne gyaran bai kai layi biyar ba. Kuma ba sabon ilimi ba ne. Malaminmu a makaranta ya taɓa faɗa mana cewa maɓalli yana da hali fiye da ɗaya: yadda yake in yana jira, yadda yake in an danna shi, yadda yake in yana kan aiki, da yadda yake in an kulle shi. Mun rubuta a jarrabawa mun ci maki. Da muka zo aiki, sai muka kashe mako biyu a ɓawon albasa, muka ba maɓallin minti biyu.

Ɗayanmu ya ce mu goge layi ɗaya mu ce wa Kawu sabis ne ya yi kuskure. Ba za mu faɗi ko wane ne ba, domin dukkanmu mun ji daɗin shawarar kafin mu ƙi ta. Abin da ya hana mu shi ne yaron shago. In aka ce sabis ne, rabin kasuwa ba za su yarda ba, za su ce an rufa masa asiri ne. Sai dai a ga hujja, kuma a ga mai laifi.

Washegari muka shiga mota zuwa Aliero da kwamfutar cinyarmu. Muka roƙi Kawu ya tara dattawan da suka halarci rigimar. Muka tsuguna a gabansu. Muka nuna layukan biyu da lokacinsu, muka ce babu mutumin da zai ƙirga dubu ɗari da ishirin sau biyu a daƙiƙa uku. Sannan muka ɗauki wayar yaron muka fita rana, muka shigar da naira 100 da sunan gwaji, muka ba wani dattijo ya danna da kansa. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa ba tare da an ce masa ba. Muka nuna masa 200. Ya riƙe baki.

Kawu ya daɗe yana kallonmu. Ya ce, "Ku ne kunka ce ba ta ƙarya." Muka ce, "Kawu, ita ba ta yi ƙarya ba, abin da muka koya mata ta yi. Laifinmu ne." Ya ce, "To ku tashi mu tahi."

A ranar muka wuce Maiyama, mu uku da Kawu da yaron shago. Muka tarar da Malam a ƙofar gida ana shirin shan ruwa. Kawu ya miƙa masa kuɗinsa ya ce, "Malam, ka yafe mini." Muka yi bayani gwargwadon iyawarmu. Malam ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Samari, ni ban san waya ba. Ku na yafe muku, yarinta ce. Amma Alhaji, shekara ashirin kana sanin bakina, ka ɗauki maganar abin da ka sani wata biyu." Kawu ya sunkuyar da kai. Aka kira salla, muka sha ruwa tare, aka kawo kunu da ƙosai. Suna gaisawa har yau, suna zuwa wa juna biki da jana'iza. Amma kakar da ta biyo baya, Malam ya kai albasarsa wurin wani dillalin. Wannan ne abin da layi biyar ɗinmu ba su iya gyarawa ba.

Mun so mu bar harkar gaba ɗaya. Kawu ne ya hana. Ya ce wanda ya karya ƙafa a Aliero ba ya gudu, tsayawa yake a ɗora. Amma ya kafa sharaɗi: in za mu gyara, mu zo mu zauna a kasuwa mu gyara, ba a inuwar shagon Jega ba. Ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zaman kasuwar nan ya koya mana abin da bidiyon intanet bai koya mana ba, kuma abin mamaki, da muka koma muka karanta, sai muka tarar masana sun rubuta yawancinsa tun kafin a haife mu.

Na farko, jira. Wani masani mai suna Jakob Nielsen ya rubuta tun 1993 cewa in na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yakan ji kamar nan take ne. In ta kai daƙiƙa ɗaya, zai lura amma hankalinsa bai tashi daga aikin ba. In ta kai goma, ya tafi wani tunanin. Mu mun bar yaro yana jira har daƙiƙa goma babu ko alama. Yanzu da an taɓa maɓallin, nan take yake canza launi ya kulle kansa, wayar ta yi ɗan girgiza a hannu, domin a hayaniyar kasuwa ba a jin ƙara. Kuma mun daina jiran intanet. Lissafi a cikin wayar yake fara zama, in sabis ya samu sai ya tafi da kansa. Kowane lissafi mun ba shi lambar shaida tasa tun daga lokacin da aka buɗe shafin, ta yadda ko sau goma aka aika shi, rumbun zai ce na riga na karɓi wannan.

Na biyu, yatsa. Yatsan wanda ya yini yana ɗaga buhu ba irin na ɗalibi ba ne. Ƙa'idojin ƙira na Google, waɗanda suke kira Material Design, sun ce duk abin da za a taɓa kada ya gaza awo 48 a tsaye da kwance, wato wajen milimita tara. Namu bai kai ba, kuma yana can kusurwar sama inda babban yatsa ba ya kaiwa in kana riƙe da waya da hannu ɗaya, alhali ɗaya hannun yana riƙe da igiya ko kuɗi. Tun 1954 wani Ba'amurke mai suna Paul Fitts ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar abu da nisansa, gwargwadon wahalar kai hannu gare shi. Muka sauko da maɓallin ƙasa, muka shimfiɗa shi daga wannan gefe zuwa wancan.

Na uku, rana. Akwai ƙa'ida ta duniya game da bambancin hasken rubutu da na bangon da yake kai, wadda ta ce kada ya gaza huɗu da rabi bisa ɗaya ga rubutu na yau da kullum. Tokarmu a kan fari ba ta kusa da haka ba. Mu yanzu ma'auninmu ya fi sauƙi: mu fita tsakiyar kasuwa ƙarfe ɗaya na rana mu miƙa wa dattijo waya. In ya kare ta da hula kafin ya karanta, ba mu gama ba. Muka koma baƙi ƙirin a kan fari tas, lambobi manya, da waƙafi tsakanin dubbai.

Na huɗu, ƙarfin waya. Domin motsi ya yi santsi a ido, waya tana zana fuskarta sau 60 a daƙiƙa, wato tana da kamar kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ta gama kowane zane. Gilashin raɓar nan da muke taƙama da shi yana cikin abubuwa mafi nauyi, domin sai wayar ta duba duk abin da ke bayansa ta dama shi, sannan ta sake, sau 60. Babbar waya ba ta ji. Ƙaramar waya mai memorin aiki giga ɗaya, irin wadda yawancin 'yan kasuwa ke iya saye, sai ta riƙa cijewa, ta yi zafi, ta sha caji. Ga mutumin da ke biyan kuɗi a shagon caji, kwalliyarmu haraji ce muka ɗora masa bai sani ba. Muka cire gilashi, muka cire hoton gona. Ranar da muka goge albasa mai juyi, wanda ya zana ta ya fita waje ya ɗan jima.

Na biyar, alamomi. Muka tambayi mutum bakwai ma'anar hoton faifan nan na ajiyewa. Wani ya ce talabijin ne, wani ya ce taga, wani ya ce akwatin zaɓe. Mu kanmu ba mu taɓa riƙe irin wannan faifan a hannu ba, an daina yayinsa muna yara. Muka cire shi muka rubuta "Ajiye". Layukan nan uku na kusurwa da ke ɓoye sauran shafuka, babu wanda ya taɓa danna su. Muka fito da komai fili: "Na bayar", "Na karɓa", "Lissafi". Kafin a ajiye, manhajar takan rubuta adadin da kalmomi, dubu ɗari da ishirin, kuma akwai maɓallin da zai karanta shi da murya, muryar abokinmu malamin makaranta da muka naɗa a ɗaki da tsakar dare bayan janaretocin unguwa sun mutu. Manomi yana tsaye yana ji da kunnensa abin da aka rubuta a kansa.

Na shida zai fi shafar 'yan wannan zaure. Salon haruffan da muka zaɓa don kyansa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. A wayarmu ba mu lura ba, domin takan aro su daga wani salon. A wasu wayoyin sai maɓallin "Ƙara" ya fito da ɗan akwati a gaba, sannan "ara". Masu wannan sana'a suna kiran akwatin nan da sunan awara a harshensu, don ya yi kama da yankanta, har Google ta fito da wani jerin haruffa mai suna Noto, wanda ma'anar sunan ita ce babu awara. Shi muka saka a cikin manhajar. Mun ƙi bin hanya mai sauƙi ta cire lanƙwasa, domin ƙara daban, kara daban, kuma mu da muke faɗa da mutane a taron marubuta a kan ƙa'idar rubutu ba za mu zo mu karya ta a maɓalli ba.

Kada wani ya ɗauka mun zama maƙiyan ado. Akwai motsi guda da muka bari, kuma muna alfahari da shi. In an ajiye lissafi, sabon layin yakan sauko a hankali ya zauna a saman jeri, ya yi launin ɗorawa na daƙiƙa biyu, sannan ya koma fari. Ido yana binsa, mutum ya ga inda kuɗinsa ya shiga. A ƙarƙashinsa akwai "Janye", ko an yi kuskure. In kuma aka shigar da adadi ɗaya da suna ɗaya sau biyu a cikin minti biyar, manhajar takan tsaya ta tambaya da manyan haruffa: "Yanzu ka rubuta irin wannan. Wani sabo ne?" Tsakaninmu muna kiran wannan tambaya da sunan Malam, ko da yake shi bai sani ba.

Ma'aunin da muka tsayar shi ne: duk inuwa, duk launi, duk motsi, sai mun tambaye shi me yake faɗa wa mai riƙe da waya. In yana cewa na ji ka, ko ina aiki, ko ga inda abinka ya tafi, ya zauna. In abin da yake cewa kawai shi ne ku ga yadda muka iya, ya fita. Da muka karanta wannan a taron ƙungiya, wata marubuciya ta yi dariya ta ce ai wannan da mu ake, masu buɗe labari da shafi uku na bayanin gadon amarya da labulen falo kafin a san wa ake magana. Ba mu musa mata ba.

Yanzu manhajar ba ta da kyan da za a saka a sitatus. Wani abokinmu ya gani ya ce kamar takardar asibiti. Dillalai biyar ke amfani da ita, uku a Aliero, biyu a Jega, kuma abin da suke ba mu a wata bai wuce kuɗin data da na mota ba. Abuja ba ta kira ba. Yaron shago ya koma aikinsa, shi ne ma yake kiranmu in ya ga abin da bai yi masa ba, kuma ba ya jin nauyin faɗa. Kawu kuwa ya sayi sabon littafi mai baƙin bango. Duk abin da aka shigar a waya, sai ya sake rubuta shi da biro, ya sa manomi ya dangwala hannu. Da farko abin ya yi mana ciwo. Yanzu mu da kanmu muke ce wa sabon dillali kada ya yar da littafinsa.

Ga ƙannenmu da ke koyon wannan sana'a a Aliero, a Birnin Kebbi, a Dakingari, ko a ɗaki da wayar aro: ku koyi inuwa da launi da motsi, ilimi ne mai daɗi kuma yana da ranarsa. Amma kafin ku nuna wa abokai, ku nemi waya mafi rauni a gidanku, ku fita da ita rana, ku kashe data, ku miƙa wa wanda bai taɓa ganin aikinku ba, ku rufe bakinku ku kalli yatsansa. Inda ya tsaya, nan aikinku yake. Inda ya danna sau biyu, ku tuna da mu.

Bana ma mun ji Malam ya yi albasa mai kyau. Abokinmu na Maiyama ya ce ya tambaye shi ko injiniyoyi suna nan suna fama. Mun aika masa gaisuwa, kuma muna fata wata rana a ga buhunansa a gaban rumfar Kawu. Wannan ba a hannunmu yake ba.

Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya sa mu amfani mutane da ɗan abin da muka sani. Sai mun ji daga gare ku, musamman 'yan uwa masu sana'ar POS da masu shago, ku ba mu labarin maɓallin da ya taɓa cin kuɗinku.

Wassalamu alaikum. Daga Jega.